Yadda Ake Karanta da Adana Rubutun Gargaɗin Mai a Dashbod ɗin Tsohuwar Mota

Idan ka zauna a kujerar direban tsohuwar motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1975 zuwa gaba, ka kalli wajen allurar mai, yawanci za ka tarar da wani ɗan rubutu da bai kai tsawon yatsa ba: UNLEADED FUEL ONLY, ko UNLEADED GASOLINE ONLY, wato fetur marar dalma kaɗai. Mai mota sai ya shekara goma yana kallonsa bai taɓa tambayar abin da ya kawo shi ba. Mai fenti kuwa bai ma san da shi ba, sai bayan ya bi ta kansa da tina. Alhali ɗan rubutun nan yana faɗa maka ƙasar da aka yi wa motar, da zamanin da ta fito, da irin injin da kamfani ya ɗora mata, da man da ya dace ta sha. A wurin masu tara tsofaffin motoci, motar da rubutunta na asali ke nan daram ta fi wadda aka sake mata sabo daraja, ko da na asalin ya ɗan koɗe.

Kafin a kama aiki, ya kamata a san dalilin rubutun. A 1921 ne wani injiniya na kamfanin General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa idan aka zuba wani sinadari mai dalma a cikin fetur, inji yana daina ƙwanƙwasa. Aka fara sayar da irin wannan fetur a 1923, duniya ta yi ta shansa fiye da shekara hamsin. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani kan illarta ba. Amma abin da ya fara korar dalma daga tankin mota a Amurka shi ne dokar tsabtace iska ta 1970. Dokar ta tilasta wa kamfanoni rage gubar hayaƙi, su kuma suka koma sa matatar hayaƙi a jikin salansa tun daga motocin 1975, wato katalis, abin da kanikawan Najeriya ke kira indomi. Dalma tana lulluɓe ƙarafan da ke cikin matatar ta kashe ta. Shi ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta wajabta a rubuta gargaɗin a wuri biyu: inda direba zai gani kusa da mitar mai, da kuma bakin tanki inda mai zuba mai zai gani.

Mataki na 1: Nemo su duka, ka ɗauki hoto kafin ruwa ya taɓa motar

Ranar da motar ta shigo hannunka, kada ka kai ta wajen wanki tukuna. Yaran wanki suna da ƙarfin hannu, ga omo, ga buroshi, kuma sitikar da ta shekara arba'in ba ta jure ko ɗaya.

Ɗauki tocila ka bi waɗannan wurare: fuskar mitar mai da gilashin da ya rufe mitocin, jikin dashbod kusa da sitiyari, cikin akwatin dashbod, bayan makarin rana, cikin murfin tanki da kan marfin kansa, ginshiƙin ƙofar direba, sai ƙarƙashin bonet. A motocin Marsandi, cikin murfin tanki ne ake samun takardar yawan iskar taya, wani lokaci tare da bayanin mai. A motocin Amurka akwai wata sitika a ƙarƙashin bonet mai bayanin inji da na'urorin hayaƙi, kuma takan nuna ko motar ta fito da katalis ko babu.

Kowace ka samu, ɗauke ta hoto sau biyu. Ɗaya daga nesa kaɗan, don a ga inda take a jikin motar. Ɗaya dab da ita, ka ɗora rula a gefenta, wayar kuma ta fuskance ta sak ba a karkace ba. Inda sitika ta riga ta fita, duba da kyau, sau da yawa za ka ga shacinta: fenti ko roba a wurin ya fi na kewaye duhu saboda rana ba ta ci shi ba. Shi ma ɗauke shi hoto da rula, domin shi zai gaya maka girma da mazaunin wadda ta ɓace.

Mataki na 2: Karanta shi da tambaya uku

Tambaya ta farko, fetur ne ko gas? A nan ne Bahaushe ya fi kowa shiga haɗari, domin a bakinmu gas shi ne dizal, a bakin Ba'amurke kuwa gas gajeren sunan GASOLINE ne, wato fetur. Yaron gidan mai da ya hango haruffa uku na farko a murfin tanki yana iya jawo bututun dizal da zuciya ɗaya. Ga yadda abin yake a harsunan da suka fi yawa a motocin da ke shigo mana:

Fetur: GASOLINE a motar Amurka, PETROL a ta Ingila, BENZIN a ta Jamus, ESSENCE a ta Faransa da Beljiyam, BENZINA a ta Italiya, GASOLINA a ta Sifen.

Dizal: DIESEL kusan ko'ina, GAZOLE ko GASOIL a Faransanci, GASOLIO a Italiyanci, GASÓLEO a Sifaniyanci.

Dubi GASOLINA da GASOLIO. Bambancinsu bai wuce haruffan ƙarshe ba, ɗaya fetur ɗaya dizal. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram sun saba da esans da gazuwal, wannan ruɗani bai cika kama su ba; mu na wannan ɓangaren ne ya kamata mu karanta kalmar har ƙarshenta.

Tambaya ta biyu, da dalma ko babu? UNLEADED, BLEIFREI, SANS PLOMB, SENZA PIOMBO, SIN PLOMO, duk ma'anarsu ɗaya: marar dalma. VERBLEIT a Jamusanci mai dalma ne. A motar Jamus za ka iya ganin NUR BLEIFREI, wato marar dalma kaɗai. Japan kuwa, da ta fara komawa fetur marar dalma a 1975, sitiku masu launi ta yi amfani da su, galibi a jikin gilashi: shuɗiya ga motar da ke shan marar dalma, ja ga wadda sai mai dalma, ruwan lemo ga wadda ke buƙatar mai dalma idan za a yi gudu a babbar hanya.

Tambaya ta uku ita ce ƙarfin fetur, wato oktan, kuma a nan ake yawan yin lissafin banza. Turai tana auna shi da ma'aunin RON, wanda Jamusawa ke rubutawa ROZ. Amurka a famfunan gidajen mai tana amfani da matsakaicin ma'auni biyu, wanda lambarsa ke fitowa ƙasa da maki huɗu zuwa biyar. Saboda haka 87 na Amurka ya yi daidai da kusan 91 na Turai, kuma 91 na Amurka ya kusanci 95 na Turai. A Jamus, NORMAL shi ne 91, SUPER marar dalma 95, SUPER PLUS 98, tsohon SUPER mai dalma shi ma 98. Idan ka ga PREMIUM a motar Amurka, babban fetur take nufi. To kafin ka yanke hukunci kan lambar da ka gani, tabbatar da ma'aunin ƙasar da aka rubuta ta da shi.

Mataki na 3: Gwada rubutun da motar kanta

Sitika tana faɗin yadda motar ta baro kamfani ne. Abin da ya same ta a hanya daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam zuwa Kwatano zuwa garejin unguwarku, wannan ba ta san shi ba. Mitoci ana canza su, murfin tanki ana ciro shi daga wata motar, inji kuwa ba a magana.

Fara da bakin tanki. A tsarin Amurka, bututun famfon fetur marar dalma siriri ne, kusan milimita 21, na mai dalma kuwa kusan 24. Sai aka sa wa motoci masu katalis ƙuntataccen baki da ɗan ƙyaure na ƙarfe a ciki, yadda babban bututun ba zai shiga ba. Buɗe marfin ka haska. Idan dashbod ya ce UNLEADED kuma ga ƙuntataccen bakin, magana ta zo ɗaya. Idan ka ga alamar an fasa shi da kurfi ko an buɗa shi da ƙarfe, to wani ya taɓa ɗura mata mai dalma a zamanin da ya fi araha, kuma da wuya katalis ɗinta ya rayu. Idan bakin a buɗe yake tun asali, babu alamar taɓi, to ko dai an canza bututun tankin, ko mitocin ba nata ba ne.

Daga nan leƙa ƙarƙashin motar ka nemi katalis tsakanin inji da tukunyar salansa. A ƙasar nan sau da yawa za ka tarar an yanke shi an yi waldar bututu a gurbinsa, ko kwanson yana nan amma an kwashe cikin an sayar.

Sai mitar gudu. Motar Amurka da mil take ƙidaya. Kuma daga ƙarshen 1979 zuwa farkon shekarun 1980 doka ta sa mitocin gudu a can su tsaya a 85, tare da fito da lambar 55 fili. Idan ka ga irin wannan mitar a motar da takardunta suka ce ta Jamus ce, ko ka ga mitar kilomita zalla ɗauke da gargaɗin Amurka, akwai abin bincike. Wata 'yar alamar ita ce kibiyar da ke gefen hoton famfo tana nuna ɓangaren da tanki yake. Wani ma'aikacin Ford mai suna Jim Moylan ne ya kawo shawararta a 1986, ta fara fitowa a motocin kamfanin na 1989. Mitar da ke da irin wannan kibiya a cikin motar 1978 yawanci baƙuwa ce.

Kada kuma rashin rubutu ya sa ka zargi motar. Ba kowace motar Amurka ta 1975 ce ta fito da katalis ba. Honda Civic mai injin CVCC ta cika sharaɗin hayaƙi ba tare da shi ba. Manyan a-kori-kura ma dokar ba ta kama su nan take ba, kuma wannan na cikin dalilan da Ford ta fito da F-150 a 1975, mai nauyin da ya ɗan haura iyakar da dokar ta yanka. A Turai sai 1993 katalis ya zama dole ga duk sababbin motocin fetur, don haka Marsandi W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, idan ta Turai ce yawanci ba za ka ga gargaɗin dalma a mitarta ba. Haka Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna, ko Beetle ta Legas: an yi su ne don fetur mai dalma na wancan zamani. Wanda ya manna wa 504 ta Kaduna UNLEADED FUEL ONLY don ado, ya sa mata abin da kamfani bai sa ba.

Game da fetur ko dizal, kada ka tsaya ga rubutu kaɗai. Buɗe bonet. Idan akwai fulogogi da wayoyinsu da kwayil, fetur ne. Idan bututun ƙarfe ne sirara ke tafiya daga famfo zuwa nozul-nozul, kuma akwai fitilar hita a dashbod da ake jira ta mutu kafin a tayar, dizal ne.

Mataki na 4: Yanke abin da za ka zuba mata yau

Fetur mai dalma ya ƙare a gidajen mai. Amurka ta haramta shi ga motocin kan titi daga farkon 1996, Tarayyar Turai a 2000. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a taron Dakar na 2001, suka daina daga farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Saboda haka motar da ta ce marar dalma kaɗai ba ta da sauran damuwa ta wannan fuska.

Mai damuwar ita ce tsohuwar da aka yi don mai dalma. Dalmar tana barin wani ɗan shafi a mazaunin bawul na fitar hayaƙi, yana kare shi daga zaizayewa. Injin da kansa na baƙin ƙarfen zubi ne, aka yanka mazaunin bawul a jikinsa kai tsaye ba tare da an ƙarfafa shi ba, idan aka daɗe ana dukan hanya da shi da marar dalma, bawul ɗin yakan riƙa nutsewa a hankali. Yawancin injunan Amurka da na Ingila na kafin farkon shekarun 1970 suna cikin wannan sahu. Injin da kansa na alminiyam ne, irin na Marsandi da Beetle da 504, dole ne dama a dasa masa zoben mazauni na wani ƙarfe daban, don haka ya fi jurewa. Abin yi: ka sa bakanike ya riƙa auna tazarar bawul duk bayan kilomita dubu biyar ko makamancin haka, ku rubuta. Idan tazarar ɓangaren hayaƙi tana ta raguwa, mazaunin na cinyewa. Maganin wucin gadi shi ne ruwan ƙari da ake zubawa a tanki a madadin dalma. Maganin dindindin shi ne a sauke kan injin a dasa zobba masu tauri. Motar da ba ta wuce zagayen gari da zuwa ɗaurin aure ba, ni ban ga dalilin buɗe mata inji ba matuƙar awon bai nuna komai ba.

Oktan ya fi wannan gaggawa. A yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, ba a tambayarka wanne kake so, kuma kada ka ɗauka ya kai 98. Idan rubutun motarka ya ce SUPER ko PREMIUM, saurari injin lokacin da kake hawa tudu da babbar giya, ko ka taka totur daga ƙaramin gudu. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fetur ɗin ya yi masa rauni. A sa bakanike ya ɗan ja taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke. Za ka rasa ɗan ƙarfi, amma fistin zai tsira. Tsofaffin injuna ba su da na'urar da ke jin wannan ƙara ta gyara da kanta.

Ƙuntataccen bakin tanki yana hana bututun dizal shiga motar fetur, amma siririn bututun fetur yana shiga motar dizal salin-alin. Mazurarin 'yan bumburutu kuwa babu bakin da ba ya shiga. Idan aka yi kuskure, kada ka tayar da injin, kada ma ka murɗa makulli, domin a wasu motocin murɗawar kaɗai tana tayar da famfon mai. A tura ta gefe, a zuƙe tankin, a canza matatar mai.

Mataki na 5: Tsabtace shi ba tare da ka kashe shi ba

Tantance irinsa tukuna. Akwai wanda aka buga da fenti a fuskar mitar kanta, a bayan gilashi. Akwai sitikar roba ko ta takardar alminiyam. Akwai wanda aka zuba tare da robar marfin tanki, haruffansa a tashe.

Na fuskar mita shi ya fi kowanne laushi. Idan ba dole ba, kada ka buɗe gilashin. Idan ka buɗe, hure ƙurar ko ka share ta da buroshi mai laushi irin na masu zane. Kada yatsa ya taɓa, kada sifirit ya taɓa. Farin fentin haruffan yakan bi auduga ya tafi a shafa ɗaya. Kada kuma a cire allura sai an yi alamar inda take kwance.

Sitika kuma, fara kawar da ƙurar a bushe, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da tsumma gogewa take yi tana barin zane. Sannan ka jiƙa audugar goge kunne da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka matse ta, ka riƙa mirginawa daga tsakiya zuwa gefe. Daga gefe zuwa tsakiya yana ɗaga bakin sitikar. Tina, fetur, kananzir, man birki da folish mai sheƙi duk a nisanta su. Idan gefe ya ɗago, ɗauki ɗan gam mai laushi a bakin tsinken sakace ka shafa a ƙarƙashi, ka danna da takarda mai santsi na 'yan mintuna. Sufa gulu yana ƙona roba ya bar farin tabo.

Bayan haka babban abokin gaba rana ce. Inuwa, ko abin rufe gilashin gaba, ya fi duk wani man shafawa amfani. Idan motar za ta wurin mai fenti, je da kanka ka rufe kowace sitika: ɗora farar takarda a kanta, sannan salatif na takarda ya kama jikin motar a kewaye. Salatif kada ya hau kan rubutun, in ba haka ba ranar ɓarewa da haruffan zai taho. Ka kuma faɗa wa ogan garejin baki da baki: "Maigida, don Allah cikin murfin tankin nan a bar mini shi yadda yake." Faɗa wa yaransa kaɗai ba ya wadatarwa.

Mataki na 6: Idan sai an sake

Matuƙar ana iya karanta ta asali, bar ta. Idan ta tafi gaba ɗaya, nemi lambarta a kundin kayan gyaran motar. Kamfanoni da dama suna ba sitika lamba kamar kowane kayan gyara, kuma wasu, irin su Mercedes-Benz da Porsche, suna da sashen kayan tsofaffin motoci. Akwai kuma masu buga kwafi. Kafin ka biya, gwada hotonsu da naka ko da na wata mota irin taka, shekara ɗaya, kasuwa ɗaya: kalmomin, siffar haruffa, launi, girma. FUEL da GASOLINE ba a musanya su yadda aka ga dama. Abin da kamfanin ya sa a shekarar shi za ka nema. Idan mai buga sitika na gari zai yi maka, kai masa hoton mai rula, ka nemi roba marar ƙyalli, ka ce ya fara bugawa a takarda ka gwada a wurin.

Wajen cire ragowar tsohuwar, ɗumama ta da na'urar busar da gashi a ƙaramin zafi, kana motsa hannu, ka ɗaga da tsohon katin roba. Reza tana yanka fenti. Ragowar gam a kan fenti, ɗan sifirit a tsumma yana ɗauke shi. A kan robar dashbod gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Bari wurin ya bushe sarai.

Ɗora sabuwar a kan shacin tsohuwar ba tare da ka ɓare bayanta ba. Idan ta zauna daidai, kama gefenta na sama da salatif na takarda, ka ɗaga ta sama, ka ɓare bayan, ka sauke ta a hankali kana bi da katin daga sama zuwa ƙasa don iska ta fita. Yi wannan da safe ko a inuwa, ba a kan ƙarfen da rana ta gasa ba. Kwana biyu kada ruwa ya taɓa ta. Tsohuwar da ka cire, ko gutsure ce, manna ta a farar takarda ka rubuta inda ta fito, ka ajiye cikin takardun motar.

Saura motar da aka canza wa inji, misali Marsandin da ta fito da fetur aka ɗora mata na dizal. Rubutun dashbod ɗinta yanzu yana iya jawo asara, musamman idan ɗanka ko direba ne ya je shan mai. Ba sai ka kankare na kamfani ba. Buga taka sitikar, babba, da launin da ba zai yi kama da na kamfani ba, ka rubuta DIZAL KAWAI da DIESEL ONLY, ka manna a cikin murfin tanki inda mai zuba mai zai fara gani, wata ƙarama kuma kusa da mitar. Tsohuwar sitikar murfin ka rufe ta da takarda kafin ka ɗora sabuwar a kai, yadda duk ranar da aka mayar da injin asali za a ɓare a same ta lafiya.